Sayen Gida na Biyu da Lamuni: A Ba da na Farko Haya, a Sayar da Shi, ko a Dakata?

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Abuja, da ɗan kasuwar da harkarsa ta koma Kano bayan ya gama gini a Gusau, da magidancin da iyali suka yi wa gidansa yawa, dukkansu sukan tsaya a kan tambaya guda: shin a riƙe gidan da ake da shi a zuba 'yan haya sannan a nemi lamunin banki a sayi wani, ko kuwa a sayar da shi a haɗa kuɗin a sayi sabon ba tare da bashi ba? Amsar da aka fi ji a bakin jama'a ita ce, gida ba abin sayarwa ba ne, kuma ai 'yan haya ne za su biya bashin. Rabin farko na wannan magana yana da hujja mai ƙarfi a ƙasar da darajar kuɗinta ke zaizayewa kowace shekara. Rabin na biyu kuwa, a yawancin lokuta a Najeriya ta yau, lissafi ba ya mara masa baya, domin albashi ko ribar kasuwa ce ke biyan bashin gida, haya kuwa tallafi ce kawai.

Domin kwatancin ya fito fili, bari mu ɗauki misali da alƙaluman da muka ƙaddara, waɗanda kowa zai iya cirewa ya sa nasa. A ce mutum yana da gida a Kaduna wanda idan aka sa shi a kasuwa zai yi naira miliyan 40, idan kuma aka ba da shi haya zai kawo naira miliyan 2 a shekara. A ce gidan da yake so a gefen Abuja, wajen Kubwa ko Lugbe ko Kuje, kuɗinsa naira miliyan 45 ne, shi kuma yana da miliyan 15 a ajiye. Idan ya sayar da na Kaduna, ko bayan an cire la'adar dillali da sauran ƙananan kashe-kashe, abin da ya rage tare da ajiyarsa ya isa ya biya sabon gidan lakadan, har ya sami rarar yin takardu da ɗan gyara. Idan kuwa ya riƙe shi, dole ya ciyo bashin miliyan 30. Duk muhawarar tana kan wannan miliyan 30 ɗin ce, wato daga ina za a samo ta, nawa za a biya a kanta, kuma a cikin shekaru nawa.

Ƙofa mafi sauƙin farashi ita ce ta Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa da dokar 1992 kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ma'aikatan gwamnati da yawa sun shafe shekaru ana cire musu kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu ana zubawa a wannan asusu ba tare da sun taɓa tambayar abin da ya ba su dama ba. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubi yana iya neman lamuni ta hannun bankin jinginar gidaje mai lasisi, a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, har zuwa shekara 30. Iyakar lamunin ta daɗe a kan naira miliyan 15 kafin a ɗaga ta zuwa miliyan 50. Tun bayan gyaran dokar da aka yi a 2023, zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, saboda haka wanda ba ma'aikacin gwamnati ba sai ya fara tabbatar da cewa yana cikin tsarin. Sharuɗɗa uku ne suka shafi mai son gida na biyu kai tsaye. Lamunin na gidan zama ne, don haka sabon gidan ne ya kamata mutum ya shiga da iyalinsa, tsohon shi ne na haya. Sau ɗaya ake bai wa mutum a rayuwarsa, wanda ke nufin cewa duk wanda ya sayi gidan farko da shi ya riga ya yi amfani da damarsa. Sannan shekara 30 ɗin da ake faɗi ta matashi ce, domin ana auna wa'adin da shekarun da suka rage wa mutum kafin ritaya, wadda a aikin gwamnati take zuwa a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki.

Ƙofa ta biyu sabuwa ce, wato MREIF, asusun saka jari a harkar gidaje na hukumar MOFI mai riƙe da kadarorin gwamnatin tarayya, wanda ya fara ba da lamuni a 2025 ta hannun bankuna a kan kashi 12 cikin 100, daga baya aka sauko da shi zuwa kashi 9.75, da wa'adin da ya kai shekara 20. Ta uku ita ce lamunin bankin kasuwanci da kuɗinsa na kansa, wanda farashinsa ke bin ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya. Wannan ma'auni ya kai kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamban 2024, kuma a irin wannan yanayi bankin da zai ba da bashin gida a ƙasa da kashi 20 sai an tona. Bankunan kasuwanci kuma ba su cika son dogon wa'adi ba, sannan takardar tayinsu takan ƙunshi sharaɗin cewa suna iya sauya kuɗin ruwa idan kasuwar kuɗi ta sauya.

Ga yadda miliyan 30 ɗin take kasancewa a kowace ƙofa. A kan kashi 6 na shekara 20, biyan wata ya kama kusan naira 215,000, wato miliyan 2.6 a shekara. A kan kashi 9.75 na shekara 20, ya kama kusan naira 285,000 a wata, wato miliyan 3.4 a shekara. A kan kashi 25 na shekara 10 kuwa, ya kai kusan naira 682,000 a wata, wato miliyan 8.2 a shekara, kuma kafin a gama mutum ya biya kusan miliyan 82 a kan miliyan 30 da ya karɓa. Wani zai ce a tsawaita wa'adin domin nauyin ya ragu, amma a kan kashi 25 tsawaitawa ba ta wani amfani, domin ko an mayar da shi shekara 20 biyan wata bai sauka ƙasa da naira 629,000 ba, tunda kusan duk abin da ake biya kuɗin ruwa ne. Shekarun mai nema ma suna da nasu tasiri: ɗan shekara 48 da ya rage masa shekara 12 a aiki zai biya kusan naira 293,000 a wata ko da a kan kashi 6 ne. Tun da ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu a wata, mai neman lamunin NHF na shekara 20 yana bukatar samun kusan naira 645,000 a wata, na MREIF kusan 855,000, na bankin kasuwanci kuwa sama da miliyan 2.

Sai a juyo ga hayar da ake sa rai. Miliyan 2 da aka rubuta a yarjejeniya ba ita ce ke shiga aljihun maigida ba. Akwai gyaran kwanon rufi idan ya fara yoyo da damina, da kwashe sokawe, da injin rijiyar burtsatse idan ya ƙone, da fenti duk lokacin da ɗan haya ya fita, da ladan wanda ke kula da gidan idan maigida yana wani gari, da harajin ƙasa na shekara-shekara, da kuma watannin da gida ke zama babu kowa tsakanin fitar wannan da shigar wancan. Wanda ya ware rubu'in hayar domin waɗannan bai yi tsauri ba, kuma hakan ya bar masa miliyan 1.5, wato ƙasa da kashi 4 cikin 100 na darajar gidan. Idan aka ɗora wannan a kan biyan bashi, mai lamunin NHF zai riƙa cikawa da kusan miliyan 1.1 a shekara daga albashinsa, mai MREIF kusan miliyan 1.9, mai bankin kasuwanci kuwa kusan miliyan 6.7. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da haya ta biya bashin ita kaɗai a shekarar farko.

Akwai kuma saɓanin lokaci da mutane kan manta da shi. Haya a garuruwanmu sau ɗaya ake biyanta a shekara, banki kuwa kowane wata yake cire nasa. Kuɗin da ya shigo dunƙule a watan Janairu, idan ba a killace shi a asusu na daban ba, azumi da sallah da kuɗin makaranta da bikin dangi sukan cinye shi tun kafin tsakiyar shekara, sai a wayi gari albashi kaɗai ke ɗauke da bashin. Bankuna sun san haka, shi ya sa suka fi dogara da albashin da ke shigowa ta asusun da ke hannunsu. Wanda yake so a duba hayarsa a lissafin ƙarfin biyansa sai ya zo da yarjejeniya rubutacciya da shaidar shigowar kuɗin ta banki, domin hayar da aka karɓa hannu da hannu ba tare da rasit ba, a wurin banki kamar babu ita take.

Duk da haka, masu cewa kada a sayar da gida ba da ka suke magana ba. Tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 da sakin naira a kasuwa a watan Yunin shekarar, farashin kayan gini ya yi tashin da ba a saba gani ba, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024. Wanda ya sayar da gida kafin wannan lokaci ya ajiye kuɗin yana jiran ya sami wanda ya yi masa, da wuya kuɗin ya sake saya masa irinsa. A irin wannan yanayi, bashin da kuɗin ruwansa ke tsaye a kan kashi 6 yana sauƙaƙa da kansa, domin naira 215,000 ta baɗi ba za ta yi nauyin ta bana ba, alhali haya ana iya ƙara ta lokacin sabunta yarjejeniya. Idan muka ƙaddara cewa hayar tana ƙaruwa da kashi 15 cikin 100 kowace shekara, cikin kusan shekara 4 za ta kamo biyan NHF, cikin kusan 6 ta kamo na MREIF, daga nan kuma gidan farko ya fara ɗaukar nauyin na biyu da gaske. A kan kashi 25 kuwa, sai bayan shekara 12 hayar za ta kai miliyan 8.2, wato bayan an riga an gama biyan bashin daga aljihu.

A nan ne, a ganina, zaɓin ya rabu gida biyu. A shekarar farko ta lamunin bankin kasuwanci, kuɗin ruwa kaɗai ya kusan miliyan 7.5. Haya ta kawo miliyan 1.5, saboda haka sai darajar gidan Kaduna ta ƙaru da miliyan 6, wato kashi 15 cikin 100, kafin a ce mutum bai yi asara ba da ya riƙe shi. Hakan yana iya faruwa a unguwar da hanya ta ratsa ko gari ke faɗaɗa zuwa gare ta, yana kuma iya ƙin faruwa a unguwar da ambaliya ko rashin tsaro ya sa mutane ke ƙaura. Ko da ya faru, ƙarin daraja ba kuɗi ba ne a hannu har sai an sayar, banki kuwa tsaba yake karɓa ƙarshen kowane wata. A kan kashi 6, kuɗin ruwan shekarar farko bai wuce miliyan 1.8 ba, haya ta kusan share shi, duk wani ƙarin darajar gidan kuma riba ce. Wanda ya sami lamuni mai sauƙi yana da dalilin riƙe gidansa. Wanda ba shi da wata ƙofa sai ta kashi 20 da ɗoriya, sayarwa ko dakatawa ta fi masa, sai fa idan bashin ƙarami ne kuma yana da tabbacin kuɗin da zai share shi cikin shekara 1 ko 2.

Wata tambaya da ke biye ita ce wane gida za a jinginar. Wanda ba shi da kuɗin kafin alƙalami yakan ji sha'awar kai takardun gidan farko banki, ya karɓi kuɗi a kansu ya biya kason da ake nema a sabon gidan, sannan ya jinginar da sabon a kan ragowar. Wannan yana mayar da gidajen biyu ƙarƙashin bashi, kuma idan aiki ya tsaya ko kasuwa ta karye ana iya tashi ba tsuntsu ba tarko. Amfanin gidan farko mafi girma shi ne kasancewarsa wurin da iyali za su koma idan al'amura suka cuɗe, kuma wannan amfani yana gushewa ranar da aka sa hannu a takardar jingina. Ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho na zubi yana da wata hanya mafi sauƙin haɗari, domin ƙa'idojin da Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta fitar a 2022 sun ba shi damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fanshonsa domin biyan kasonsa na lamunin gidan zama, muddin ya yi wata 60 yana zubi kuma aƙalla shekara 3 ta rage masa kafin ritaya. Ita ma sau ɗaya ake yinta, kuma tana rage abin da zai karɓa bayan ritaya. Idan kuwa gidan farkon har yanzu akwai bashin banki a kansa, sai a koma a karanta yarjejeniyar, domin galibi tana hana ba da gidan haya ba tare da izinin bankin ba, sannan biyan da ake yi a kansa zai shiga cikin kashi ɗaya cikin ukun da aka ambata.

Maganar jingina ba ta rabuwa da ta takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya wajabta neman amincewarsa kafin a sayar ko a jinginar da filin da ke da shaidar mallaka, a Abuja kuwa ministan birnin tarayya ne ke bayarwa. Kotun Ƙoli ta nuna girman wannan sharaɗi a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda ta rushe jinginar da aka yi ba tare da amincewar gwamna ba, kuma tun daga nan babu bankin da ke wasa da shi. Gidaje da yawa a cikin tsofaffin unguwanninmu ba su da komai sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Irin wannan takarda tana da daraja a tsakanin maƙwabta, amma ba ta karɓo lamuni. Haka nan gidan gado da ba a raba ba, ko da mutum shi ne babba kuma shi ya gyara shi, ba nasa ba ne shi kaɗai da zai jinginar ko ya lissafa dukan hayarsa a matsayin tasa. Sabon gidan ma sai an bincika takardunsa a ofishin filaye, AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, a tabbatar babu jingina ko bashin harajin ƙasa a kansa, musamman ganin yadda hukumar birnin tarayya ta soke takardun dubban filaye a 2025 saboda irin wannan bashi. Kuɗin lauya, da na mai ƙiyasta darajar gida, da na rajista da hatimi, da na inshora, duk suna kan mai karɓar lamuni, kuma wanda zai biya lakadan ya tsira daga wasunsu.

Ga masu karatu da yawa, duk wannan lissafi yana zuwa ne bayan tambayar halacci, domin wanda ya ɗauki kuɗin ruwa a matsayin riba da shari'a ta haramta ba zai karɓi ko da kashi 6 ba, kuma wannan matsaya ce da ba a ciniki a kanta. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa sun ƙaru tun bayan da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021. Tsare-tsaren da aka sani a fiƙihun mu'amala domin gida su ne murabaha, inda banki ke sayen gidan ya sayar wa mutum da ƙarin riba sananniya a biya kaɗan-kaɗan, da ijara mai ƙarewa da mallaka, da musharaka mai raguwa, inda banki da mutum ke tarayya a gidan, mutum yana biyan hayar kason banki yana kuma saye shi a hankali har ya mallake duka. Abin lura shi ne halacci ba ya nufin arha. Waɗannan bankuna a kasuwa ɗaya suke da sauran, ribar da suke nema ba ta nisa da yanayin kasuwar, saboda haka ma'aunin da aka bi a sama shi ne za a bi: a tambayi jimillar abin da za a biya da biyan kowane wata, a ɗora a kan hayar gidan farko. Bambanci mai amfani shi ne a murabaha farashi yana tsayawa tun ranar ƙulla ciniki, a ijara da musharaka kuwa ana iya sake duba hayar lokaci zuwa lokaci idan yarjejeniya ta tanadi haka. Batun zakka kuma, ra'ayin jumhurun malamai shi ne ba a fitar da ita a kan darajar gidan da aka ba da haya, sai dai a kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi kuma ya shekara a hannu.

Zama maigidan haya daga nesa aiki ne mai zaman kansa, kuma wanda zai sayar ya huta da shi baki ɗaya. Kowace jiha da dokarta, amma tsarin da aka fi sani, wanda ake bi a Abuja, shi ne mai hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata 6, mai hayar wata yana da na wata 1, bayan haka a ba shi wani na kwana 7, idan ya ƙi fita kuma sai kotu. Cire ƙofa ko kwance rufi ko yanke ruwa domin a tilasta masa fita yana iya mayar da maigida wanda ake ƙara. Ma'anar wannan ita ce ɗan haya guda da ya daina biya yana iya tsayar da kuɗin shiga na tsawon watanni masu yawa, banki kuwa ba ya jira. Akwai kuma abin da ba a cika faɗinsa a fili ba: da zarar dangi sun ji gida ya zama babu kowa, ƙane ko ɗan 'yar uwa da zai yi aure zai nemi a ba shi ya zauna kafin ya sami wuri, kuma mutum mai kunya ba ya iya tambayar ɗan'uwansa haya, balle ya ba shi notis. Taimakon ɗan'uwa abu ne mai kyau, amma wanda ya san ba zai iya cewa a'a ba, ya cire hayar daga lissafinsa tun yanzu ya duba ko albashi zai ɗauki bashin shi kaɗai.

Akwai hanya ta uku da mutane kan raina saboda ganin cewa mai gida bai kamata ya zauna a gidan haya ba, wato a ba da na farko haya a kama haya a sabon garin. Ba ta da arha a Abuja, inda ake neman kuɗin shekara gaba ɗaya tare da na dillali da na lauya, kuma hayar Kaduna ba za ta biya ta Abuja duka ba. Amma gibin da ke tsakaninsu ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba a kan miliyan 6.7 ta bashin bankin kasuwanci, kuma ba ta ɗaure mutum na shekara 10. Ta fi dacewa da wanda bai tabbatar da daɗewarsa a sabon wurin aiki ba, da wanda ritaya ta kusa kuma ya san gida zai koma, da wanda ke jiran lamunin NHF ya fito. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ba mai zaman haya damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya daga kuɗin da za a yi wa haraji, har zuwa naira 500,000, kamar yadda ta amince a cire kuɗin ruwan lamunin gidan da mutum ke zaune a ciki. Hayar da ake karɓa kuwa kuɗin shiga ce da haraji ya hau kanta, kuma idan kamfani ne ɗan hayar yakan cire kashi 10 cikin 100 tun daga tushe.

Tsakanin riƙewa da sayarwa ma akwai tsaka-tsaki. Mai babban gida yana iya sayarwa, ya biya sabon lakadan, ya sa rarar a fili ko ƙaramin gida a garinsu, ta yadda bai yanke alaƙa da gida ba kuma bai ci bashi ba. Mai gidan da ke da fili a gaba yana iya yanka shaguna, waɗanda hayarsu kan fi ta ɗakunan kwana idan gidan yana bakin hanya. Ma'aikacin da ke cikin ƙungiyar gama-kai ta ofis yana iya rage miliyan 30 ɗin da rancen ƙungiya, ko da yake wa'adinsa gajere ne kuma daga albashin nan guda ake cirewa.

Duk wanda ya zaɓi lamuni, jerin matakan yana da muhimmanci kamar zaɓin kansa. Lamunin NHF yana bi ta hannu biyu, bankin jingina da FMBN, don haka yana ɗaukar watanni, mai sayar da gida kuma a lokacin hauhawar farashi ba ya son jira, yana iya ƙara kuɗi ko ya sayar wa wanda ya zo da tsaba. Shi ya sa gidajen rukunin da masu gininsu suka riga suka saba aiki da bankin jingina sukan fi sauƙin saye ta wannan hanya a kan gidan mutum ɗaya. Kada a biya kuɗin kafin alƙalami mai yawa sai an ga takardar tayi daga banki, an karanta ko kuɗin ruwan a tsaye yake ko yana sauyawa, da abin da za a caje idan aka biya bashin kafin wa'adi, da tarar jinkiri. Idan dole ne a biya wani abu domin a riƙe gidan, lauya ya rubuta tsawon lokacin da mai sayarwa ya yarda zai jira, da cewa farashi ba zai sauya a cikinsa ba, da yadda za a mayar da kuɗin idan lamunin bai fito ba. Gidan farko kuma kada a karɓi kuɗin ɗan haya a kansa sai makullin sabon ya shigo hannu, domin wanda ya karɓi hayar shekara ya riga ya ba da gidansa na shekara, ko lamuni ya fito ko bai fito ba.